Hedifon Biyu, Kunne Ɗaya

Litinin, 23 ga Maris, bayan la'asar

Suhaibu ya koma Kano ɗazu, ya bar ni da aiki. Ƙanen nan nawa tun da ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a birni, inda yake naɗar waƙa da tallan rediyo, ba ya zuwa gida hannu rabbana sai da wani abin mamaki. Sallar bana akwati biyu ya zo da su, kowanne da hedifon a ciki, irin manyan nan masu rufe kunne ruf. Wani dillali ne ya ba shi ya gwada wata guda, ya riƙe ɗaya ya mayar da ɗaya. Ya ce ya saurara har kansa ya ɗaure, ya kasa zaɓa, shi ne ya kawo wa mai kunnen gidan. Ya haɗa mini da ƙaramin amfilifaya da wannan littafin, wai in riƙa rubuta abin da na ji.

Mai kunnen gidan kuwa ni ne, ba yabon kai ba. Shekara ashirin da takwas ina gyaran injin ban ruwa a Bunkure, ban taɓa kwance inji don in san ciwonsa ba. In an kawo, sai in ce a tayar. In ɗora bakin sukudireba a jikinsa, in manna ƙotarta a kunnena na hagu, in rufe ido. Kafin mai shi ya gama tambayar iyali na gaya masa ringi ne ya lalace a ciki ko boris. Daga Kura har Garun Malam ana ɗauro inji a babur, a wuce bakanike biyar, a ce sai wajen Badamasi. Da kunnen nan na yi aure, da shi na gina gidan nan.

Sunayen hedifon ɗin ba sa faɗuwa a bakina. Ɗaya bayansa katako ne mai sheƙi, ɗayan bayansa raga ce ta ƙarfe, kana hango cikinsa. Na raɗa musu Mai Katako da Mai Raga.

Talata, 24 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Kai, Allah ya yi wa mutane basira. Suhaibu ya sa mini wani kiɗa a waya, na wani tsoho mai garaya da ya ɗauka a Madobi, da mai kalangu a bayansa. Na fara da Mai Katako. Kalangun nan ya zo da kauri, har a ƙirji nake jin sa, muryar tsohon kuma dab da ni, kamar muna zaune a soro an tura ƙofa. Akwai daɗi, amma yana ɗan ƙara wa abu kitse.

Mai Raga ba ruwansa da kitse. Abin da aka yi shi yake ba ka. Na ji yatsan tsohon yana gogar tsirkiya kafin ya kaɗa, na ji ya haɗiyi yawu. Sai dai ba ya tare komai daga waje, zakaran maƙwabta ma da shi aka yi kiɗan. Matata Ruƙayyatu ta leƙo da kunu, ta ce Malam sai ina kuma, ko jirgin sama za a tayar. Na ce ta ajiye ta ba ni wuri.

Abu ɗaya zan gaya wa Suhaibu. Ɓangaren hagu na Mai Katako bai kai na dama ba, yana fitowa a dushe. Kaya mai tsada haka bai kamata ba.

Laraba, 25 ga Maris, bayan azahar

Mai Raga ma hagunsa a dushe yake. Jiya ɗoki ne ya hana ni lura. Ke nan ba laifin hedifon ba ne, ko wayar da ke haɗa su ce, ko amfilifayan. Na goge bakin wayar da fetur kaɗan, na busa ramin.

Inji uku yau, duk matsalar fulogi ce. Zafi ya fara da gaske.

Alhamis, 26 ga Maris, bayan magariba

Na cire amfilifayan na jona kai tsaye a wayar salula. Haka dai. To wayar tawa ce, dama ta sha faɗuwa a bakin kanal.

Juma'a, 27 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi

Suhaibu ya kira bayan an sauko daga masallaci. Na karanta masa abin da na rubuta a kan kitse da zakara, ya yi ta dariya, ya ce wallahi abin da ya kasa faɗa ke nan. Sai ya ce:

"To Yaya, kugen fa? Wanne ya fi fito da shi?"

Na ce wane kuge. Ya ce ɗan ƙarfen nan da ake bugawa tun daga farkon kiɗan har ƙarshe, shi da kansa ya ajiye shi can gefen hagu, kuma saboda shi ma ya zaɓi kiɗan, don siririn sauti ne yake tona asirin hedifon. Na ce au, wannan, ai ina jin sa, ban dai mai da hankali a kai ba. Ƙarya na yi. Sau ashirin na saurari kiɗan nan, garaya ce da kalangu da tsoho.

Na gaya masa batun hagun da ke dushewa, da cewa ina zargin wayata. Ya ce abu mai sauƙi ne, in juya hedifon ɗin, na hagu ya koma kunnen dama. In dushewar ta bi shi ta koma dama, kayan ne. Bai ƙarasa ɗaya rabin maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce zan gwada.

Asabar, 28 ga Maris, safe

Ban juya ba. Aiki ya yi yawa.

Lahadi, 29 ga Maris, bayan la'asar

Na saurari karatun Alƙur'ani da su. A nan Mai Katako ya fi, muryar tana cika. Karatu a tsakiyar kai yake zama, ko da yake nawa yana ɗan karkata dama. Ruƙayyatu ta ce in ba ta ta ji. Na ce Suhaibu ya ce kada a bari kowa ya taɓa. Bai ce ba.

Litinin, 30 ga Maris, bayan azahar

Muhammadu Sani ya kawo injinsa. Mutumin kirki, shekara goma sha biyu ni nake masa gyara. Yana da shanunsa a bayan gari, yana kuma da shinkafar rani a can tudun ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya hawa sai da inji. Ɓangarensu Talata da Laraba kawai ake sakar musu ruwa, shinkafar kuma ta yi ciki, lokacin da ba ta son wasa ke nan. Ya ce yana jin wani ɗan kuka siriri a injin in ya ɗau zafi, shi ne ya ce bari a duba kafin gobe.

Na sa aka tayar, na ɗora sukudireba, na rufe ido. Bugun lafiya lau, sumul. Na bar shi ya yi zafi na sake ɗorawa. Babu komai. Na ce Malam Sani kai da kukan maraƙi ka saba, ka bar mini na inji. Mutanen da ke zaune a bencin shago suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce to ko dai a buɗe a gani. Na ce a shagon nan ba a buɗe lafiyayyen inji. Na canja masa mai, ya ɗaure abinsa ya tafi.

Talata, 31 ga Maris, ƙarfe biyu

Injin Muhammadu Sani ya tsaya cak da hantsi, awa ɗaya da tayarwa. Boris ne. Ya watse, ya ci sandar da ke juya fankar ruwan.

Talata, 31 ga Maris, bayan magariba

Na zaga neman aron inji har wuri shida. Ranar ruwa ce, kowa nasa yana bakin kanal. Irin sandar nan babu ita a Bunkure, babu a Kura, sai Kano. Na kira a aiko.

Muhammadu Sani bai ɗora mini laifi ba. Ya tsaya a ƙofar shago yana kallon boris ɗin a tafin hannuna, ya ce haka Allah ya so. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce masa irin boris ɗin yanzu ne, ba sa ba da sanarwa. Ya ce haka ne.

Suna bayarwa. Boris ba ya mutuwa sai ya yi kwana da kwanaki yana kuka.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Sandar ta iso yau da rana. Na haɗa injin, yana aiki. An rufe ruwansu tun jiya da yamma, sai Talata mai zuwa.

Na zauna da Mai Raga. In ka saba da shi sai Mai Katako ya zama kamar yana maka ƙarya don ya faranta maka. Amma Mai Raga yana gajiyar da mutum. Ban san wanne mai ɗakin sauti ya fi buƙata ba.

Juma'a, 3 ga Afrilu, safe

Rana tun ƙarfe takwas ta fara duka.

Asabar, 4 ga Afrilu, bayan azahar

Wani ya kawo inji daga Madobi. Na ɗora sukudireba na daɗe, na ce ringi. Ringin ne kuwa. Na yi ta faɗa wa 'yan benci har sau uku, har wani ya ce ai mun gani Malam. Ringi bugunsa mai kauri ne, ko kurma ya dafa da hannu zai gane.

Ban san me ya sa na rubuta kalmar nan ba.

Lahadi, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Na hau babur na ce zan je Kura, sai na tsinci kaina a hanyar ƙarshen kanal. Ban sauka ba. Daga kan hanya ana ganin gonar, ƙasar ta tsattsage, ganyen ya nannaɗe. Muhammadu Sani da matarsa Mairama suna jido ruwa a jarka daga wani kududdufi, a amalanken shanu, suna zuba wa kunyoyin da ke kusa. Eka biyu da jarka. Na juya kafin su ɗago.

Ruƙayyatu ta yi dambu, na ci kaɗan. Ta tambaye ni ko jikin ne, na ce zafi ne.

Litinin, 6 ga Afrilu

Suhaibu ya kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Talata, 7 ga Afrilu, bayan azahar

An saki ruwa. An ce injin ya yi aiki yini guda babu matsala. Alhamdu lillahi. Sauran kuma sai kan shinkafar ya fito a gani.

Alhamis, 9 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Ban buɗe shago ba. Ruƙayyatu ta tafi barkar haihuwa, gidan ba kowa. Na yi alwala, ban san dalili ba, na zauna a bakin gado, na ɗauki Mai Raga na juya shi.

Kugen yana nan. Tun daga bugun farko yana nan, ƙil, ƙil, ƙil, tsaf da shi, a kunnena na dama. Mai bugun ma gwani ne, yana ɗan jinkirta na uku. Na saurara har ƙarshe. Na mayar da hedifon daidai, kuge ya ɓace. Na juya, ya dawo. Na yi haka da Mai Katako, duk ɗaya. Wayata lafiyarta ƙalau, amfilifaya lafiyarsa ƙalau.

Na mayar da su akwatinsu, na naɗe wayoyin yadda suka zo. Ban yi kuka ba, amma na tsorata, tsoron da ban taɓa ji ba tun rasuwar Baba. Shekarata hamsin da uku, ban iya wata sana'a ba.

Juma'a, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kira Suhaibu na ce na juya. Ya ce to Yaya. Ya ce akwai asibitin da ake gwajin kunne, zai karɓa mini lamba ranar Litinin. Na ce kada ya gaya wa kowa, har da Ruƙayyatu. Yaron da na goya a baya ina kai shi makarantar allo, yau shi ne yake lallashina a waya.

Litinin, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Na ce wa gida zan je sayen kayan gyara. Suhaibu ya tare ni a tasha.

Abin dariya, a asibitin ma hedifon suka sa mini, wani tsoho mai ɓawon roba duk ya tsage. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in ɗaga hannu. Da ana gwada dama hannuna bai huta ba. Da aka koma hagu sai na zauna ina jira a fara. Ta gilashi ina ganin likitar tana danna abu tana kallona, tana sake dannawa.

Ta tambayi sana'ata, na kwatanta mata har da yadda nake riƙe sukudireba. Ta ajiye biro ta ce shekara nawa. Na faɗa. Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ne sanadi ba, akwai wani hoton da take so a yi, amma abin da ya tafi a hagu ba ya dawowa. Na dama ma ya fara taɓuwa kaɗan. In na mayar da sukudireba can, in ba shi shekara biyar shi ma ya tafi.

Na ce to da me zan ji injin. Ta ce:

"Baba, sauran bakanike da me suke ji?"

Na ce ba sa ji, kwancewa suke yi. Ta ce to.

A hanyar tasha na ba Suhaibu akwatunansa. Ya ce wanne zai riƙe. Na ce ya nemi mai kunne biyu ya tambaya. Ya ce shi dai ra'ayina yake so, ko da rabi ne. Na ce in aiki zai yi ya riƙe Mai Raga, ba ya rufa wa kowa asiri.

Laraba, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Kan shinkafar Muhammadu Sani ya fito. Na je, wannan karon na sauka. Gefen da suka yi wa jido da jarka ya yi kyau. Sauran, fiye da rabi, fari fat, in ka murza a hannu holoƙo ne.

Na same shi a gindin mangwaro yana gyara tiyo. Muka gaisa har ƙarshen gaisuwa, sannan na ce Malam Sani boris ɗinka ya yi kuka, kai ka ji, ni ne ban ji ba, kunnen ya mutu. Na ce kuma na yi maka dariya a gaban mutane. Na ce abin da ya lalace a wuyana yake, ya faɗi yadda za a yi.

Ya daɗe yana naɗa roba a bakin tiyon. Ya ce maganar shinkafa a bar ta sai an yi girbi, a zauna da manya. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa ba. Da zan tafi ya ce injin ƙaninsa yana shan mai, zai turo shi ranar Asabar.

"Amma a buɗe," in ji shi.

Na ce za a buɗe.

Alhamis, 16 ga Afrilu, safe

Na share teburin shago, na jera sifanu. Wasu har sun yi tsatsa.

Asabar, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kwance injin ƙanin Muhammadu Sani gaba ɗaya a gaban 'yan benci. Awa uku, aikin da a da nake yankewa a minti biyu. Wani ya ce yau kuma Malam lafiya. Na ce kunnen ya yi ritaya. Suka yi dariya, suka ga ban yi ba, suka bari. Zuwa gobe duk Bunkure ta ji, shi ya sa na ce gara Ruƙayyatu ta ji daga bakina.

Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Na zauna a tabarma, na faɗa mata duka, da asibitin, da shinkafar. Ba ta daina tsintar ba. Ta ce ta sani. Na ce Suhaibu ne ko. Ta ce babu wanda ya gaya mata, tun daminar bara take kirana daga madafa ba na juyowa, in ta sa rediyo sai na karkata kai.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce shekara guda kina kallona ina manna ƙarfe a mataccen kunne ina yanke wa mutane hukunci. Na ce da kin buɗe baki da shinkafar bawan Allahn nan tana nan.

Ta ajiye farantin.

"Sau biyu na faɗa maka, Malam. A nan, a kan tabarmar nan. Ba ka amsa ba, na ɗauka fushi ka yi, na kwana biyu ina jin tsoronka. Sai daga baya na tuna ta wane gefe na zauna."

Na ce to da kika tuna fa.

"Sai na dawo wannan gefen. Amma ban ƙara samun ƙarfin faɗa ba."

Na duba, a damana take. Na yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta zauna a haguna, na kasa. Kunya ta rufe ni, sai na jawo farantin gabana na taya ta tsintar waken har aka kira magariba.